Safa Ga Ƙafar Da Ba Ta Jin Ciwo: Martani Ga Wani Malami Marubuci

Kwanakin baya, a farkon shigowar hunturun bana, na karanta wata maƙala da wani ɗan'uwa marubuci ya yi a kan sa safa a cikin gida, na kuma so in bar ta ta wuce kamar yadda mutum kan bar maganganu da yawa su wuce, amma da na tuna da yawan waɗanda za su karanta ta su yi aiki da ita, na kuma tuna da irin ƙafafun da ke cikin gidajensu, sai na ga yin shiru a wannan muhalli ya zama cin amana. Malamin nan mutum ne mai kaifin alƙalami, niyyarsa kuma kyakkyawa ce, domin abin da ya dame shi shi ne israfi da kwaikwayon baƙin al'adu ido rufe, cututtuka biyu waɗanda ni ma sun daɗe suna damuna. Sai dai kyawun niyya ba ya miƙar da karkataccen hukunci, kuma mas'alar da ya ɗauka ƙarama, har ya yanke mata hukunci a cikin shafi guda, tana iya zama sanadin da wani zai rasa ƙafarsa.

Ga abin da ya ce, gwargwadon yadda na fahimce shi, ba ragi ba ƙari. Ya ce safa a cikin gida baƙuwa ce, Turawa suka zo da ita tare da takalmi sau-ciki da kayan makaranta, domin ƙasarsu ƙasar sanyi ce, alhali kakanninmu sun yi zamansu a ɗakunansu ƙafa ba komai har suka tsufa lafiya. Ya ce ƙafa tana bukatar shan iska, safa kuwa ba ta haifar da komai sai gumi da wari da cin ruwa a tsakanin yatsu, ga santsi a kan tayil, ga wahalar cirewa da mayarwa a kowace alwala. Ya ce in ma sanyi ya tilasta wa mutum, to, safa dai safa ce: ya shiga kasuwa ya ɗauki dozin mafi araha, baƙa ta nailan mai ƙarfin roba, domin ba ta zamewa, ba ta nuna datti, ba ta saurin tsufa. Sa'an nan ya rufe da cewa zancen wai akwai ƙafa mai rauni wadda sai an zaɓa mata safa, shagwaɓa ce da 'yan kasuwa suka ƙago don su sayar da abin sisi a kan sule.

Zan fara daga wannan da'awa ta ƙarshe, domin ita ce saiwar da sauran suka tsiro daga gare ta. Wace ƙafa Malam yake nufi sa'ad da ya ce ƙafa? Idan tasa ce, ko tawa, wadda in ta taka ƙaya nan take mai ita zai yi tsalle, wadda in takalmi ya matse ta ba za ta bar shi ya sakata ya wala ba sai ya cire shi, to, babu jayayya a tsakaninmu, ya sa abin da ya ga dama ko ya bari. Amma a ƙarƙashin rufin gidajenmu akwai tsohuwar da fatar ƙafarta ta yi sirantaka har ɗan gogawa kaɗan ke salube ta, akwai mai juna biyu wadda ƙafafunta kan kumbura kafin la'asar, akwai magidancin da faso ke tsaga masa dunduniya duk hunturu har jini ya fito, akwai yaron da rini ko roba ke tayar masa da ƙaiƙayi, akwai wanda ya warke daga kuturta amma jin tafin ƙafarsa bai dawo ba. A gaban waɗannan duka kuma akwai mai ciwon sukari. Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya, a ƙididdigarta ta shekarar 2021, ta ce manya miliyan 537 ne ke ɗauke da wannan ciwo a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a yankin Afirka, kimanin miliyan 3.6 a Nijeriya kaɗai, kuma fiye da rabin na Afirka ba su ma san suna da shi ba. Duk waɗannan bayin Allah shagwaɓa suke yi?

Ya kamata a tsaya a kan yadda ciwon sukari yake yi da ƙafa, domin wanda bai san wannan ba ba zai taɓa gane dalilin da ya sa ɗinkin safa ya zama abin magana ba. Idan sukari ya yi shekaru yana hauhawa a cikin jini, yakan lalata jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi da sanyi da ciwo, kuma yakan fara da mafi tsawonsu, wato waɗanda suka kai ga yatsun ƙafa, ya riƙa haurowa sannu a hankali zuwa idon sawu. Likitoci da kansu, in za su kwatanta iyakar wurin da jin ya ɗauke, da siffar safa suke kwatanta shi. Kusan rabin masu ciwon sukan gamu da wannan lalacewar jijiya a tsawon rayuwarsu. Wani yakan ji tafin ƙafarsa na zogi kamar an zuba masa barkono, har mayafi ma ba ya so ya taɓa shi da dare. Wani kuwa, wanda halinsa ya fi haɗari, ba ya jin komai. Ciwon yakan kuma busar da fata ta riƙa tsagewa, ya ƙuntata hanyoyin jini ta yadda ƙaramin miki ba ya saurin warkewa. A shekarar 2017 wasu manyan masana wannan fanni sun ƙiyasta cewa daga 19 zuwa 34 cikin kowane mutum 100 masu ciwon sukari za su sami gyambon ƙafa wata rana, kuma sananne ne a wurin likitoci cewa mafi yawan ƙafafun da ake yanke wa masu wannan ciwo daga irin wannan gyambo abin yake somawa.

Wani likita Baturen Ingila, Paul Brand, wanda ya fara aiki a garin Vellore na ƙasar Indiya a 1946, shi ne ya tabbatar wa duniya cewa yatsun kutare yawanci ba cutar ce ke cinye su kai tsaye ba. Rashin jin ciwo ne yake sa mutum ya yi ta maimaita rauni a wuri guda, yau gogawa, gobe ƙuna, jibi tuntuɓe, har naman ya gaza. Da ya koma asibitin Carville a Amurka a 1966, sai ya ga wannan ƙa'ida ita ce dai ke aiki a ƙafar mai ciwon sukari, har shi da abokan aikinsa suka ƙera wata safa mai ɗauke da 'yan ƙwayoyin rini waɗanda kan fashe su yi tabo a duk inda matsi ya yi yawa, don ido ya ga abin da ƙafa ta kasa ji. Ciwo ni'ima ce daga cikin ni'imomin Ubangiji da ba mu cika gode wa ba, domin shi ne mai gadin jiki. Wanda aka ɗauke wa wannan mai gadi, dole a nema masa madadi, kuma madadin shi ne idonsa da idon iyalinsa da kuma abin da aka sa wa ƙafar.

Ba daga littafi kaɗai na san wannan ba. Ina da baffa, Allah ya jiƙansa da rahama, wanda ya yi shekaru da ciwon sukari, kuma a wani hunturu ni da hannuna na sayo masa safa, irin wadda Malam ya yaba ɗin nan sak: baƙa, ta nailan, mai roba mai ƙarfi, mai kaurin ɗinki a kan yatsu. Ya yi murna, ya sa mini albarka. Yana cire ta ya yi alwala ya mayar, idonsa ya riga ya raunana, ƙafar kuma ba ta gaya masa komai ba, alhali ɗinkin nan yana ta cin ƙaramin yatsansa kwana da kwanaki, baƙin zaren kuma yana shanye ruwan mikin ba tare da ya nuna ko ɗigo ba. Wari ne ya sa iyalinsa suka duba. Mun yi watanni muna zirga-zirgar asibiti, a ƙarshe aka cire yatsan, kuma bai sake tafiya masallaci da ƙafarsa yadda ya saba ba har Allah ya karɓi abinsa. Na yi imani da ƙaddara, amma imani da ƙaddara bai hana ni sanin cewa jahilcina yana cikin sabuban da ta bi ba.

To, bayan wannan, yaya za a ce da ni safa safa ce? Duk siffofin nan uku da Malam ya lissafa a matsayin falala, a wurin ƙafa mai rauni kowace ɗaya aibi ce. Robar da ba ta barin safa ta zame ita ce ke ɗaure ƙwauri ta hana jini da ruwan jiki komawa sama, kuma alamarta a bayyane take: in an cire safa da yamma aka ga ta bar zobe a fata, to, ta matse, komai kyawunta. Abin da ake nema shi ne baki mai faɗi mai sassauci, wanda zai tsaya ba tare da ya shaƙe ba. Baƙin launin da ba ya nuna datti, ba ya nuna jini, ba ya nuna mugunya. Saboda haka ne ake shawartar wanda ba ya jin ƙafarsa da ya sa fara ko mai haske, domin tabo guda a jikinta da safe yana iya zama shi ne saƙon da jijiya ta kasa isarwa. Ɗinkin kan yatsu kuwa, mutum ya zura hannunsa a ciki tun a gaban mai kaya ya shafa: in ya ji tudu, ya ajiye ta ya nemi marar ɗinki ko mai shimfiɗaɗɗen ɗinki, in kuma ba a samu ba, ya juya ta bai-bai ya sa, ɗinkin ya koma waje. Wannan dabara ko kwabo ba ta ci. Girma ma abin lura ne, domin ƙaramar safa tana tattare yatsu wuri guda ta danna farce cikin nama, babba kuma tana naɗewa a ƙarƙashin tafi, kowane naɗi kuwa tamkar tsakuwa ne ga wanda zai taka shi wuni guda bai sani ba. Haka nan safar da ta huje, ko wadda aka yi wa faci mai kauri, ta gama aikinta a wurin irin wannan ƙafa, sai a bar wa masu lafiya.

Maganar gumi da wari da cin ruwa, a nan Malam yana da rabin gaskiya, kuma insafi ya wajabta in ba shi ita. Ƙafafu biyu na mutum ɗaya suna da ƙofofin gumi wajen 250,000, kuma duk abin da ya tsare danshi a tsakanin yatsu ya shirya wa cuta shimfiɗa. Amma wace safa ce ke yin haka? Ita ce dai siririyar nan ta nailan zalla, wadda ba ta shan gumi, da kuma kowace safa da aka kwana biyu ba a sauya ba. Auduga tana shan gumi, tana da taushi a kan fata mai saurin ƙaiƙayi, kuma ta wadatar ga mai zama a gida, sai dai tana riƙe abin da ta sha, don haka da ta jiƙe sai a sauya ta. Wanda guminsa ke da yawa, audugar da aka gauraya da zaren da ke fitar da danshi waje ta fi masa, ulu mai laushi kuma ya fi kome a daren hunturu ga wanda fatarsa ke jure shi. Ɗan zaren roba kaɗan a cikin saƙar ba laifi ba ne, shi ke sa ta kwanta a jikin ƙafa ba naɗi. A sauya kullum, a wanke sabuwa kafin a fara sa ta saboda ragowar rini, ta gwanjo kuwa a wanke ta da ruwan zafi da sabulu a shanya a rana sosai. A watan Afrilu, sa'ad da zafin Kano ko Sakkwato ke kai wa digiri 40, siririyar auduga ta isa. Illar da Malam ya gani illar mummunan zaɓi ce, shi kuwa da bakinsa ya hana a yi zaɓi.

Santsin tayil ma gaskiya ne, har ma zan ƙara masa abin da bai faɗa ba: ƙa'idojin da masana ƙafar mai ciwon sukari suka yi ittifaƙi a kansu sun hana mai wannan lalura yawo ƙafa ba komai, sun hana shi yawo da safa kaɗai, sun kuma hana shi siririn silifa, a cikin gida ne ko a waje. Safa ba ta tare ƙusa ko fasasshiyar kwalba. Wurinta shi ne tsakanin fata da takalmi mai kaurin ƙasa wanda ba ya santsi, wanda kuma za a zazzage shi a shafa cikinsa da hannu kafin a zura ƙafa. Kazalika doguwar safar nan mai matsi da ake sayarwa don kumburi, magani ce, ba a sa ta sai da izinin likita, domin ga wanda hanyoyin jininsa suka ƙuntata tana iya zama musiba. Kuma ina so Malam ya yi tunani a kan abu guda: in an hana tsoho safa a daren hunturu, da me zai ɗumama ƙafarsa? Zai miƙa ta ga kaskon wuta, ko ya tsoma ta a ruwan zafi, ƙafar da ba ta rarrabe ɗumi da ƙuna. Safa mai kauri mai sassauci ita ce hanyar ɗumi da ba ta ƙona kowa.

Saura da'awar cewa safa baƙuwa ce. A gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan akwai wata jar safa ta ulu da aka tono a ƙasar Masar, wadda aka yi tsakanin shekara ta 250 da ta 420 Miladiyya, an raba mata babban yatsa daban don a sa ta da takalmi mai maɗauri. A Masar ɗin dai aka sami safunan auduga saƙaƙƙu, fari da shuɗi, na tsakanin ƙarni na 11 da na 13, wasunsu da adon rubutun Larabci, ɗaruruwan shekaru kafin William Lee ya ƙera injin saƙa safa a Ingila a 1589. Mu kuma da muka tashi a gaban malaman zaure, wane ne a cikinmu bai karanta babin shafa a kan huffi, wato safar fata, a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ba? Hadisin Mugira ɗan Shu'uba na shafa a kan huffi a yaƙin Tabuka yana cikin Muwaɗɗa, kuma Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Najjashi, Sarkin Habasha, ya aiko wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kyautar huffi, ya sa, ya yi shafa a kai. Dukawan ƙasar Hausa sun daɗe suna ɗinka wa malamai da dattawa huffi da fatar akuya mai laushi. Baƙo na haƙiƙa a cikin wannan zance shi ne nailan, wanda Wallace Carothers ya haɗa a kamfanin DuPont na Amurka a 1935, aka fara sayar da safarsa ko'ina a can a 1940, kuma shi ne Malam ya zaɓa mana da sunan kare al'ada. Kakanninmu kuwa a kan daɓe suka zauna, ba a kan tayil mai sanyi ba, suna shafa man kaɗanya, kuma waɗanda gyambo ya kwantar daga cikinsu ba a ƙidaya su ba.

Alwala, wadda ya kawo a matsayin hujjarsa, ni a wurina ita ce babbar dama. Mashhurin mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil, ba a shafa a kan safar zare sai an lulluɓe ta da fata sama da ƙasa, Hambalawa kuwa sun yi sauƙi a kan mai kauri, wannan kuma fagen malamai ne, a tambaye su. Amma wanda yake cire safarsa sau biyar a yini ya sami lokaci biyar na duba ƙafarsa, abin da likita ke roƙon a yi ko sau ɗaya. Da baffana ya san ya duba, ko da mun san mu duba masa, da labarin ya sauya. Sharaɗi kawai shi ne a gwada zafin ruwan da gwiwar hannu, a tsane tsakanin yatsu sarai da tsumma mai tsabta kafin a mayar da safa, a shafa mai a dunduniya da tafi amma ban da tsakanin yatsu.

Israfi kuwa, ma'anarsa kashe dukiya inda ba ta da amfani. Safa huɗu ko biyar na kirki, waɗanda ana samunsu a Kantin Kwari da sauran kasuwanninmu in mutum ya yi haƙurin juyawa da shafawa, ba su kai kuɗin wankin gyambo na mako guda ba, balle kuɗin tiyata, balle zaman magidanci a gida ba sana'a. Malaman usulu sun sanya kiyaye rai a cikin larurori biyar da Shari'a ta zo don tsarewa, sun kuma gabatar da shi a kan kiyaye dukiya. Hukuncina, saboda haka, shi ne maƙalar Malam ta dace da masu lafiyar ƙafa kaɗai, kuma kuskurensa shi ne ya sake ta a kan kowa ba tare da togaciya ba.

Ina roƙonsa, don Allah, ya ziyarci sashen da ake wanke gyambon masu ciwon sukari a kowane babban asibiti da ke kusa da shi, ya zauna da ma'aikatan jinya ko na sa'a guda, sa'an nan ya dawo shafin da ya yi rubutun farko ya ƙara togaciyar da ya bari. Kai kuma mai karatu, in akwai tsoho ko mai ciwon sukari a gidanku, yau bayan sallar isha'i ka ɗauki fitila ka zauna a gabansa, ka cire masa safar da hannunka, ka duba dunduniya da tafi da tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ka juya safar ka shafa ɗinkinta. In ka ga zoben roba a ƙwaurinsa, ka sauya masa ita. In ka ga miki, ko bororo, ko wurin da ya sauya launi, komai ƙanƙantarsa, gobe da safe ka kai shi asibiti.